Shafi Huɗun Da Auta Ta Cire

Baba ya kama rubutu ne a shekarar da likita ya hana shi ɗaukar abu mai nauyi. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana gyaran injuna, na niƙa da na ban ruwa da janareto, kuma duk wanda ya san shi ya san ba mutumin da zai naɗe hannu ya zauna kallon bango ba ne. Ya aika aka sayo masa littattafan rubutu irin na 'yan makaranta da biro shuɗi guda uku, ya jawo tsohon teburin da marigayiya matarsa take ɗora keken ɗinki a kai zuwa bakin taga, ya ce zai rubuta abin da ya gani a duniya tun kansa bai fara yoyo ba.

Cikin shekara ɗaya da rabi ya cika littafi bakwai. A lokacin ne yanar ido ta fara rufe masa gani, har ya zamana shi kansa ba ya iya karanta abin da hannunsa ya rubuta sai ya kai takardar dab da hanci. Daga nan aikin ya faɗo kan Auta.

Auta ce ƙaramar 'yarsa, kuma ita kaɗai ta rage a kusa. Layi uku ne tsakanin gidan aurenta da gidan Baba. Ita ke kai shi asibiti, ita ke jera masa ƙwayoyin magani a murfin kwalba, ita ke faɗa da shi a kan gishiri. Sakatariya ce a wani ofishin lauyoyi, shekara tara tana buga takardu, har Gwaggo, ƙanwar Baba, takan ce yatsun Auta sun fi sanin hanyar madannan kwamfuta a kan hanyar bakinta. Don haka da Baba ya haɗa littattafan ya ɗaure su da roba ya miƙa mata, babu wanda ya yi mamaki. Abin da ya ce kawai shi ne ta mayar masa da su irin rubutun da jama'a za su iya karantawa, a buga ko kwafi arba'in ne, a raba wa dangi.

Rubutun Baba sai mai haƙuri. Ba ya goge komai. In ya yi kuskure sai ya ja layi ɗaya siriri a kan kalmar ya wuce, ta yadda mutum zai karanta abin da ya fara faɗa da abin da ya koma ya faɗa. Yana danne biro kamar mai ɗaure noti, har haruffan su fito ta bayan shafi. In shafi ya ƙare maganar ba ta ƙare ba, sai ya bi gefe ya hau sama, Auta ta yi ta juya littafin kamar sitiyari. Ga shi ba ya bin hanya ɗaya. Zai fara da yadda ya koyi kwance kafireta, mai ba inji mai, sai ya tuna maigidansa na farko yana da wani kare mai ido ɗaya, daga kare ya faɗa labarin ambaliyar da ta cinye gadar garinsu, sai bayan shafi shida ya dawo kan kafireta kamar bai taɓa barinta ba.

A ofis take aikin, lokacin hutun rana, in lauyoyi sun fita cin abinci an bar ta da ƙugin fanka. Littafi na farko ta buga shi yadda yake, da karensa da ambaliyarsa. Amma hannu ya riga ya saba. Aikinta na kullum shi ne a ba ta takarda a hargitse ta mayar da ita tsaf, kuma ba a taɓa yaba mata don ta bar abu yadda ta same shi ba. Ta fara da ƙananan abubuwa: aya inda babu aya, kalmar da aka maimaita sau uku a layi ɗaya. Daga nan ta ga ai labarin ambaliya ya fi dacewa da babin ƙuruciya, ta ɗauke shi ɗungurungum ta kai shi can, wurin ya haɗe kamar ba a taɓa cire komai ba. Abin ya yi mata daɗi ƙwarai. A takarda duk gyara yana barin tabo, a kwamfuta kuwa ko alama. Kafin ta kai littafi na huɗu ta daina tambayar kanta. Kare ya tafi. Zagin da Baba yake yi wa masu sayar da jabun kayan gyara ya koma "wasu 'yan kasuwa marasa gaskiya". Duk ranar Asabar in ta je gaishe shi ya tambaye ta aiki, sai ta ce yana tafiya lafiya lau, shi kuma ya sa mata albarka.

A tsakiyar littafi na biyar ta ci karo da Yaya.

Yaya shi ne babban ɗan Baba, ya girme ta da shekara goma sha ɗaya. A garejin Baba ya tashi, kuma kowa yana cewa hannunsa ya fi na uban laushi a kan inji. Yana da shekara ashirin da uku babban akwatin kayan aikin Baba ya ɓace daga gareji, akwatin da ya tara kayansa ɗaya bayan ɗaya tun yana saurayi. Yaya ne ke riƙe da ɗaya makullin. A gaban masu kawo gyara da maƙwabta Baba ya kira shi ɓarawo, ya kuma ɗauke shi da mari. Kwana biyu bayan nan Yaya ya haɗa kayansa ya bar garin. Shekara goma sha tara ke nan. Ya zo lokacin rasuwar mahaifiyarsu, ya kwana ɗaya ya koma. Yakan kira Auta jefi-jefi, a ƙarshen magana ya ce ta gaishe da mutanen gida, ita kuma ta isar da gaisuwar kamar an ambaci sunan Baba. A gidan ba a tayar da zancen akwati. An bar shi a kan cewa Yaya ne, ƙuruciya ce, ya wuce.

Babin da take bugawa a ranar na gyaran famfon ban ruwa ne. Baba yana bayanin yadda ake kwance murfin famfo, ya rubuta cewa sifana mai lamba goma sha huɗu ake sawa, irin wadda take cikin akwatin da ya ɓata. Daga nan rubutun ya canza. Haruffan suka ƙara girma, suka karkace, ayoyi suka ɓace.

"Ba kai ka ɗauki akwatin nan ba. Na sani. Na sani tun wata biyu bayan tafiyarka ranar da na gan shi a shagon wani mutum da nake cin abinci kwano ɗaya da shi an kankare rabin sunana daga jikin murfin. Na dawo gida ban gaya wa kowa ba ko uwarka. Ta rasu tana zaton ɗanta ya yi sata."

A layi na gaba ya rubuta "ban samu halin nemanka ba", ya ja layi a kai, ya rubuta "girman kai ne" a samansa. Haka ya ci gaba har shafi huɗu: ranar da aka haifi Yaya, yadda yana ɗan shekara tara ya gano ciwon wani janareto da kunne kawai, yadda har yau tafin hannun da ya yi marin yake yi masa zafi in ya tuna. A ƙarshen shafi na huɗu, ba tare da ko sakin layi ba, ya koma kan famfo, ya ce a tabbata an shafa giris kafin a mayar da murfi.

Auta ta karanta sau biyu, ta tashi ta shiga banɗaki ta wanke fuska. Ta dawo ta buga shafukan huɗu kalma da kalma, ba ta tsallake komai ba. Da a ce a nan ta rufe kwamfutar, da labarin bai kai ga haka ba. Amma saura minti ashirin lauyoyi su dawo, kuma rubutun yana nan a gabanta, baƙi a kan fari, yana kama da duk wata takarda da ke jiran gyara.

Ta lura duk littafin da jama'a Baba yake magana, nan ne kawai ya koma "kai". Ta mayar da "kai" ya zama "shi", don a daidaita. Da ta sake karantawa sai ta ga abin ya zama tonon silili: dattijo mai shekara saba'in da huɗu yana kwance wa kansa zani a gaban surukai da jikoki. Ta cire zancen marin. Ta mayar da "girman kai" ya zama "rashin fahimta". Ta ce a ranta mutumin da ya saci akwatin wataƙila 'ya'yansa suna raye, kada a ja wa Baba magana, ta cire shi. Da babu shi, sauran ba su da ma'ana, ta taƙaita. Kowane gyara ƙarami ne, kowanne da hujjarsa. Da ta ji takun babban lauya a matakala, abin da ya rage layi biyu ne: "A wannan shekarar ne babban ɗana ya bar gida ya tafi neman na kansa. Allah ya yi masa albarka." Ta ɗauke su ta kai babin iyali, ta adana, ta rufe.

Akwai abin da ba ta sa a cikin hujjojinta ba, ko da yake ta san da shi. Bayan ta gama littafi na bakwai, wata rana ta sa kwamfuta ta nemo mata duk inda aka ambaci "Auta". Wuri shida ne. Huɗu daga ciki shayi ta kawo ko magani. Wanda ya tafi ya samu shafi huɗu, wadda ta zauna ta samu shayi. Ta kalli lambar shidan nan ta daɗe, kuma ba ta mayar da komai ba, alhali littafi na biyar yana cikin jakarta.

Aka buga kwafi arba'in, bango ruwan toka, da hoton Baba na lokacin da yake da sauran gashi. Ranar da ta kawo kwalin, Baba ya ɗauki ɗaya ya shafa, ya shinshina, ya auna nauyinsa a tafin hannu. Gwaggo ta sa tabarau ta karanta shafi goma a zaune, sannan ta cire tabarau ta ce littafi dai ya yi kyau, amma yaushe yayanta ya koyi magana kamar mai karanta labarai a rediyo? Mutumin da bai taɓa gama zance ɗaya bai shiga uku ba? Kuma ina karen nan mai ido ɗaya da ya ishe su da labarinsa shekara hamsin? Aka yi dariya, har da Auta. Baba ya ce ai aikin masu ilimi ke nan, su wanke maka magana ka fito fes.

Da za ta tafi ya kira ta gefe, ya rage murya.

"An aika wa yayanki nasa?"

Ta ce gobe za ta ba direban da ke zuwa garin da Yaya yake. Ya gyaɗa kai, ya ce ta rubuta masa lambar wayarsa a cikin bangon, ko ta ɓace wa Yaya.

Sai a lokacin ta gane cewa Baba bai manta da shafukan nan ba, kuma ba don dangi aka buga kwafi arba'in ba. Talatin da tara rakiya suka yi.

Ta aika da littafin. Ta gaya wa kanta za ta kira Yaya ta yi masa bayani kafin ya karanta, ba ta kira ba. Baba, wanda a da sai an yi ta neman wayarsa a ƙarƙashin matashi, ya koma ajiye ta a aljihun gaban riga. Kullum sai ya sa an duba masa ko da caji. In ta yi ƙara yakan zabura, sai ya ji muryar mai tambayar ko yana da tsohon inji na sayarwa. Bai taɓa cewa ga wanda yake jira ba. Auta tana zuwa da yamma ta jera magani, ta ga hannunsa yana kaiwa kan aljihu yana dawowa, sai ta ƙirƙiri wani aiki a kicin. A ofis ta fara kuskuren da ba ta taɓa yi ba, har ta buga sunan wanda ake ƙara a wurin mai ƙara. Babban lauya ya tambaye ta ko ba ta da lafiya, ta ce gajiya ce.

Sati uku ana haka, sannan Yaya ya kira. Ita ya kira, ba Baba ba. Tana bakin titi tana jiran mota. Ya gaishe ta, ya tambayi yara, ya ce littafi ya iso, an gode. Muryarsa a daidai take, kamar mai karanta lambar mita.

"Na karanta shi tas. Shafi tara ya yi a kan injin niƙa. Ni layi biyu. Ba komai, aƙalla yanzu na san matsayina a rubuce. Da ina tunanin in zo in duba shi saboda idon nan, amma ina ga zuwan nawa takura ce. Ki gaishe da mutanen gida."

Ta buɗe baki, mota ta tsaya a gabanta, kwandasta yana kiran unguwarsu. Ta ce, "To, Yaya, za su ji." Ya kashe. Motar ta tafi ta bar ta a tsaye.

Washegari ba ta je ofis ba. Ta ɗauki littafi na biyar da ƙaramar kwamfutar mijinta ta nufi gidan Baba da hantsi. Ta same shi a bakin taga yana shan iska. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, abin da rabonta da yi tun tana budurwa, ta faɗa masa komai: yadda ta buga shafukan, yadda ta yi ta rage su, layi biyun da suka saura, da abin da Yaya ya ce a waya. Zancen "Auta" sau shida ne kawai ta kasa fitarwa. Ta ce ta yi ne don kare mutuncinsa, kuma tana faɗa tana jin yadda maganar take fita rabi.

Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi mata ciwo ke nan. Can ya zaro wayar daga aljihu ya ajiye ta a kan tebur.

"Ni ban zauna don in rubuta abin nan ba," ya ce. "Sifana nake rubutawa. Hannuna ne ya riga ni. Da na ga ya fita, na ce to shi ke nan, ya fita, ba zan yaga ba. Shekara goma sha tara ina neman bakin faɗarsa."

Ta ce za ta sake buga littafin da shafukan a ciki, ko nawa ne. Ya ce ta karanta masa tukuna ya ji. Ta buɗe, ta fara. Ba ta kai layi na biyar ba ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya ce wannan ba maganar da za a raba wa surukai ba ce, a nan ta yi gaskiya. Gara su rubuta wa Yaya wasiƙa ta musamman, mai tsari, tunda ga na'ura ta kawo.

Ta buɗe kwamfutar a kan cinyarta. Baba ya gyara zama ya yi gyaran murya. Gaisuwa ta tafi daidai. Sannan ya ce ta rubuta: ina so ka sani ba kai ka ɗauki akwatin ba. Ta buga, ta karanta masa. Ya ce a'a, ai shi ya san ba shi ya ɗauka ba, wannan maganar banza ce, ta goge. Ta goge. Ya ce ta rubuta: na zalunce ka. Ta karanta masa. Ya ce kalmar ta yi nauyi, a sa "na yi maka ba daidai ba". Da ya ji wannan kuma ya ce ta yi sauƙi, kamar wanda ya taka wa mutum ƙafa a kasuwa. A goge. Ya gwada farawa da rasuwar mahaifiyarsu, ya ce kada ya zama kamar yana jingina da mamaciya. Ya gwada farawa da ciwon idonsa, ya ce kada ya zama roƙon tausayi. Duk jimlar da ta karanta masa sai ya ji ta da kunnen Yaya, ya ga inda za a kama shi, ya ce a cire. Ita kuma tana danna madannin gogewa, jimlar tana komawa baya harafi ɗaya-ɗaya har ta ɓace, kuma kowane karo sai ta tuna hutun ranar nan a ofis.

Har rana ta take suna abu ɗaya. Ya tambaye ta me suka samu. Ta duba, ta ce, "Zuwa ga ɗana, bayan gaisuwa mai yawa."

Baba ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Rufe abin nan. Yana ba mutum hanyar gudu da yawa. Ɗauki littafin ki kai masa yadda yake. Kada ki sake karanta mini, in na ji zan ce a ƙona."

Tafiyar awa shida ce a mota. Ta tafi ranar Asabar da sassafe, littafin yana cikin leda a cikin jaka, jakar a kan cinyarta, ba ta yarda an sa ta a but ɗin mota ba. Ba ta taɓa zuwa wurin aikin Yaya ba. Shago ne mai ƙofa biyu a bayan wata kasuwa, an jera tsofaffin firji a waje kamar masu jiran layi, ciki yana warin gas da ƙonannen waya. Ta same shi a tsugune bayan wani firji, ya kara kunne a jikinsa. Furfura ta fito masa a gemu. Yadda ya dafa gwiwa ya miƙe, sak Baba.

Ya yi mamakin ganinta, ya tambaya ko lafiya, ta ce lafiya lau, Baba yana nan ƙalau. Ya jawo mata kujerar roba. Ba ta zauna ba, don ta san in ta zauna za ta fara tsara magana. Ta ciro littafin, ta buɗe inda ta sa alama, ta miƙa masa.

"Wannan ne abin da ya rubuta. Ni na cire. Bai sani ba sai shekaranjiya."

Ya goge hannu a jikin wando ya karɓa. Ya fara karantawa a tsaye, sannan ya zauna a kujerar da ya jawo mata. Ta ga ya tsaya a wuri ɗaya, ya kai littafin kusa da haske, ya sa ɗan yatsa a kan layin da aka soke yana bin kalmomin da ke ƙarƙashi. Wani ya leƙo yana tambayar firjinsa, Yaya ya ce ya dawo Litinin, ko ɗago kai bai yi ba. Ya karanta har inda aka koma zancen giris, ya juya shafi ya ga famfo ne, ya dawo farko.

Da ya gama ya rufe littafin ya riƙe shi da hannu biyu. Ya tambaye ta dalili. Ta fara jero masa abin da ta jera wa Baba, mutunci da surukai da tsarin babi, sai ta ji ba za ta iya ba. Ta gaya masa zancen shayi da magani, da lamba shida. Tana faɗa tana jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Yaya ya dube ta ya daɗe. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce ta zo su je gida ta ci abinci, matarsa za ta yi murnar ganinta. Littafin kuwa ya sa shi a cikin rigarsa, bai mayar mata ba.

Bai kira Baba a ranar ba, bai kira a satin ba. Auta ta koma ta ci gaba da jera magani, Baba bai tambaye ta komai ba bayan "kin ba shi?" Sai a kwana na goma sha biyu, tana kicin, ta ji waya ta yi ƙara, ta ji Baba ya yi sallama. Da ta kasa kunne sai ta gane Yaya ne, suna maganar wani kwamfireson firji da yake ƙin tashi in ya yi zafi. Minti arba'in suka yi a kan kwamfireso. Da ta fito da shayi ta tarar da Baba yana share ido da gefen riga, ya ce yanar nan ce take sa masa ruwa.

Bayan wata biyu Yaya ya zo, lokacin da za a yi wa Baba aikin ido. Ya kwana huɗu. Shi ya riƙe masa hannu zuwa ɗakin tiyata, shi ya kwana a asibiti. Ko sun yi zancen akwati, ba a gaban Auta ba. Abin da ta gani shi ne a kwana na uku Baba ya sa an kira Gwaggo da maƙwabta biyu da suka rage daga mutanen wancan lokaci, ya faɗa musu a gajarce, ido ɗaya a rufe da bandeji, cewa akwatin nan ba ɗansa ne ya ɗauka ba, kuma ya daɗe da sani. Baba bai ambaci abin da Auta ta yi ba, Yaya ma haka. Har yau Gwaggo tana yabon ta a kan wahalar da ta sha da littafin, ita kuma tana amsawa da "ba komai" tana kallon ƙasa.

Ranar da Yaya zai koma, ita ta raka shi tasha. Sun yi zancen makarantar yara da tsadar mota. Ya sayi tikiti, ya sa jakarsa, ya dawo ya tsaya kusa da ita suna jiran mota ta cika. Sai da direba ya tayar da inji sannan ya juyo.

"Auta, in tambaye ki. Da ban kira ki ranar nan na ce na fasa zuwa ba, da kin faɗa?"

Ta so ta ce eh. Amsar tana bakinta, mai sauƙi, kuma ta san zai karɓa. Ta tuna sati ukun da ta yi tana kallon hannun Baba yana kaiwa kan aljihu.

"Ban sani ba, Yaya."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa farashin da ya riga ya zata. Ya ce ta riƙa sa wa Baba maganin idon a kan lokaci, sau huɗu ne ba sau uku ba, kuma zai kira ranar Juma'a. Ya shiga ya zauna a gefen taga. Ta tsaya har motar ta fita daga tasha ta hau titi, sannan ta duba agogo ta ga saura rabin awa lokacin ɗiga maganin ido na rana ya yi, ta tsallaka ta nemi abin hawa.